Ranar da Waƙar Latin Ta Rufe Shaguna

A wata makarantar mishan da ke Narayi, a Kaduna, nake koyar da 'yan ajin ƙarshe doguwar waƙar yaƙi ta Rumawan da, cikin harshen Latin. Waƙar ba ta zama a ka sai da kiɗa, don haka nakan sa su rera da ƙarfi suna buga tebur.

Ran nan mun kai inda gari ke cin wuta a cikin waƙar, yara suka ɗaga murya. Sai na ji ana rufe shaguna a bayan katanga, garam-garam. Wani ya kwarma ihu, "An fara!" Duk mazaunin Kaduna ya san abin da ake farawa: rikici. Yara suka shige ƙarƙashin tebura. Muna tsoron na waje, ashe hayaniyarmu ce ta firgita su.

Wata uwa ta faɗo ajin ba takalmi, ta rungume 'yarta.

"Malam, wa aka kashe?"

Na ce mutanen cikin waƙa ne, sun daɗe da mutuwa.

Ta ce, "To ka bar su su kwanta. Namu ma ba mu gama kukansu ba."