Solveig, Kin Dawo da Shi Gida

Mai rai Ya karɓi abinsa. A ranar Laraba, 5 ga Maris, 2025, da hantsi, Allah Ya yi wa Solveig Rautio rasuwa a gidanta da ke kan tudu a garin Duluth, tana da shekara saba'in da shida, bayan ta yi kusan shekara tana fama da ciwon daji. 'Yarta Annika ce ta bugo min waya ina shago ina goge kanta. Ta ce, "Anti Bernadette, Mama ta tafi." Na ce to. Na rufe ƙofa, na zauna a kujerar da marigayiya ta saba zama, ban motsa ba har gahawar da na zuba ta huce.

Jaridu sun yi nasu, Solveig. Sun ce an yi rashin gwanar labaran kisan kai da bincike, mai littafi sama da ashirin, wadda ta hana rabin jihar nan barci. Ba su yi ƙarya ba. Amma ni tsofaffin littattafai nake sayarwa, kuma mai irin sana'ata ta san abin da mutum yake karantawa idan ba mai ganinsa. Don haka ki yi haƙuri, yau zan tona miki asiri, kin kuma san dama bakina ba ya riƙe magana.

Fiye da shekara talatin ke nan da kika fara shigowa shagona, wata ranar Alhamis ana zuba dusar ƙanƙara, kin ja hula har gira kamar mai gudun 'yan sanda. Kika wuce kantar da na jera littattafanki ko kallo ba ki yi mata ba, kika zarce can lungu, wurin littattafan soyayya, irin masu hoton namiji da buɗaɗɗiyar riga da mace tana neman suma a hannunsa. Kika rungumo kusan goma kika zube a gabana, kika ce na ƙanwar mijinki ne. Na dube ki na ce, "Baiwar Allah, Toivo ba shi da ƙanwa, duk garin nan an sani." Kika fashe da dariyar da ta sa kare ya yi haushi a waje. Kika ce in sa miki su a jakar takarda kada a gani. Daga ranar, kowace Alhamis kina dawo da waɗanda kika gama, ki ɗebi wasu, ni kuma ina naɗe su a jakar takarda kamar kayan sata.

Alherinki ba ya ƙirguwa, kuma ba kya son a faɗa. Lokacin da mijina Stanley ya rasu, na kasa tashi daga gado, ke kika karɓi makulli kika riƙa buɗe min shago. Kin hargitsa min komai, littafin girki a wurin tarihi, na addini a wurin barkwanci, sai da na yi wata ina gyara ina tsine miki a zuci. Amma shagon bai rufe ba. Kullum da yamma kuma sai kin biyo da kyafaffen kifi da burodin kirfa, ki tsaya a kaina sai na ci. Matasa masu son rubutu da ke zuwa da takardunsu, ba ki taɓa korar ko ɗaya ba. Sai dai ki karanta, ki ce, "Yarinya, shafin farko duk gaisuwa ce, yage shi," sannan ki saya mata abinci.

Abu ɗaya muka yi ta jayayya a kansa har tsufa. Duk taron da aka gayyace ki a laburare, sai wani ya ɗaga hannu ya tambaya ko marubuci irin abin da yake jin daɗin karantawa yake rubutawa. Sai ki gyara tabarau ki ce ai haka ya kamata, ki wuce wata tambayar, ina zaune a baya ina harararki. A mota in ce miki, "Tsohuwa da ke, kina ƙarya a gaban jama'a. In soyayya kike so, rubuta ta mana. Ko tsoron masu sharhi kike ji?" Ranar da na dame ki kika ce, "Wallahi na gwada, Bernadette. Na haɗa saurayi da budurwa, sun ga juna, sun rikice. Na ɗora su a mota za su je gaida iyayenta, ya buɗe but ɗin bayan motar zai sa jaka, sai ga gawa. Ni kaina ban san wanda ya sa ta ba!" Muka yi dariya har na kusa hawa kan dakalin titi.

Na daɗe ina ɗaukar abin wasa. Sai wata kaka muna tafiya a bakin tafki, iska ta taso, ruwan tafkin Superior ya yi baƙi yana dukan duwatsu, na ga kin tsaya cak. A nan kika gaya min abin da ko a hira da 'yan jarida ba ki taɓa faɗa ba. Mahaifinki masunci ne a can arewacin gaɓa. Kina 'yar shekara tara ya fita da ƙaramin jirginsa a watan Nuwamba zai ɗebe raga kafin ruwa ya daskare, iska ta juya, bai dawo ba. Ba a ga jirgin ba, ba a ga gawarsa ba, ko hularsa ruwa bai mayar ba. Mahaifiyarki ta yi shekara tana ajiye masa faranti a tebur. Kika ce, "A littattafaina ana ganin gawar. Ana sanin abin da ya faru, a yi jana'iza, kowa ya koma gida. Abin da nake karantawa shi nake so. Abin da nake rubutawa kuwa, shi aka hana ni." Tun daga ranar ban sake yi miki gori ba, sai ɗan kaɗan, don kada ki zaci na yi laushi.

Bara da bazara kika shigo ranar Alhamis, ba ki je lungu ba, kika zauna a kujerarki. Kika ce likita ya ce ki kimtsa kayanki. Kafin in buɗe baki kika ɗaga min hannu, kika ce ba kuka kika zo ji ba. Kina so kafin ki tafi ki rubuta littafi ɗaya tak wanda ba mai mutuwa a cikinsa, irin wanda za ki iya saya a shagona. Kika naɗa ni mai gadi: duk wanda kika kashe, in mayar miki da takardunki.

Na kuwa yi aikina. Labarin wata malamar makaranta ne da wani mai gyaran injin jirgi, ga daɗi, ga ban dariya, ni da nake cewa na girmi irin waɗannan sai ga ni ina karantawa a tsaye. A babi na huɗu kika ture mai raba wasiƙu daga kan matakala. Na hau mota na kai miki har gida na ce ki tashe shi. Kika ce ai ba kowa ba ne, ba wanda zai yi kewarsa. Na ce ko karen maƙwabta ban yarda ba. Kika kira ni azzaluma, kika karya masa ƙafa kawai, muka shirya.

Sai ga wani tsoho a labarin, mahaifin malamar, masunci mai taurin kai, Einar. Tun da na gan shi gabana yake faɗuwa. Ana gobe ɗaurin aure kika sa shi ya fita ɗebe raga, iska na tasowa, 'yarsa na tsaye a gaɓa tana kallon jirgin yana ƙanƙancewa. A nan rubutu ya tsaya. Makonni suka yi ta wucewa, jikinki yana ƙarewa, tsohon nan yana kan ruwa. Na ji tsoro ƙwarai, Solveig, ba na ɓoyewa. Tsorona kada ki tafi ki bar shi can, ki bar yarinyar nan a tsaye kamar yadda aka bar ki.

Na je na same ki a kwance kusa da taga na ce me kike jira. Kika ce, "Ban san yadda ake dawowa ba. Ban taɓa gani ba." Na daure na ce, "To ki yi ƙarya mana! Ba ita ce sana'arki ba?" Kika harare ni da ɗan ƙarfin da ya rage miki, kika ce in fita in ba ki wuri.

A cikin Fabrairu, wata safiya mai rana, Toivo ya kira ni ya ce kina nemana, in zo da alƙalami. Hannunki ya daina riƙe komai. Na zauna a bakin gado, shi yana tsaye a ƙofa da butar gahawa ya manta da ita a hannunsa. Kika rufe ido kika riƙa faɗa a hankali ina rubutawa. Yarinya tana gaɓa, gari ya waye. Ta ji ƙarar inji can nesa, tana ɗaukewa tana dawowa. Jirgi ya ɓullo ta bayan duwatsu. Tsoho ya ɗaure igiya ya hau tudu, jiƙe sharkaf, ba raga, ba kifi ko ɗaya, rai a ɓace. Ya dubi mutanen da suka taru ya ce, "Me kuka tsaya kuna kallona? Babu gahawa a gidan nan ne?"

Kika ce in karanta miki. Na karanta, kika ce in sake, na sake, Toivo ya juya mana baya yana kallon bango. Kika yi murmushi kika ce, "Wannan kam zan saya. Kuma ba sai kin sa min a jakar takarda ba."

Ko za a buga shi, wannan shawarar iyalinki ce. Ni dai na karanta shi daga farko har ƙarshe, na kuma shaida ba wanda ya mutu a ciki. Kowa ya je biki, har mai raba wasiƙu da sandarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Toivo, wanda ya yi fiye da shekara talatin yana ganin jakunkunan takardar nan bai taɓa tambaya ba, da Annika da 'ya'yanta, da dukkan masu karatunta. Allah Ya ba ku haƙuri da juriya, Ya ba ni ni ma, don gobe Alhamis ce kuma ban san yadda zan yi da ita ba. Allah Ya jiƙan ki, Solveig, Ya gafarta miki, Ya sa kin huta. Ya sa kuma idan kin isa, ki tarar da shi a gaɓa, ya riga ya ɗaure jirginsa, yana jiranki.

Bernadette Wozniak, Duluth