Muryata Ce Ke Yawo a Wayoyinku

Ni tela ce, kuma a lokacin da abin nan ya faru ina da shagon ɗinkin mata a Wunti, cikin garin Bauchi. Duk wadda ta san ni a wancan lokacin ta san ni da kaifin almakashi da kaifin baki. Mace kan shigo da atamfarta tana cika baki cewa ta rame, in ɗora mata tef in ce mata ramar dai a baki ta tsaya, ba ta sauko ƙugu ba, mu yi dariya. Jikin matan unguwarmu ba wanda ban san awonsa ba, amma nawa jikin ban yarda kowa ya san halin da yake ciki ba. Na rubuto muku ne, Edita, don abin da na daɗe ina haɗiyewa ya ƙi wucewa, kuma ina roƙon a sakaya sunana.

Ciwon daji ya kama ni a mama. Ba zan tsaya ba da labarin ranar da likita ya faɗa min ba. Maigidana bai bar ni na yi wata-wata ba, ya sa hannu aka yi min tiyata a asibiti, aka cire min nonon hagu gaba ɗaya. Ciwon kansa bai ɓoyu ba, domin rama ta tona ni, kowa ya ji cewa daji ne. Amma maganar cirewar, daga ni sai shi sai mahaifiyata. A lokacin an sa ranar babbar 'yata, ni kuwa na san bakin mutanenmu. Tsorona shi ne dangin mijin su ce abin na gado ne su janye, ko a riƙa nuna ni a gidan biki ana cewa ga mai nono ɗaya. Da ciwon ya warke sai na zauna kan kekena na ɗinka wa kaina abin cikawa, da soso da auduga, na zuba gero kaɗan a ciki don ya yi nauyi ya kwanta kamar na gaske. Ba yabon kai ba, ɗinkin ya yi kyau, ko ƙanwata da muke uwa ɗaya uba ɗaya ba ta gane ba.

Bayan tiyata aka shiga yi min ƙarin ruwan maganin daji, wanda ake kira kemo. Wannan magani ya wahalar da ni. Gashina ya zube, bakina ya yi ɗaci, ko ƙanshin miya na ji sai amai. A wannan halin ne wata Hajiya da nake wa ɗinki ta zo duba ni da gwangwani a jaka. Sana'arta ke nan, sayar da garin ƙarin lafiya da ƙwayoyin gina jiki ga masu manyan cututtuka, kuma kasuwarta na ci sosai, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta ce in riƙa dama garin a kunun gyaɗa. Na sha, ya zauna min a ciki, na ɗan samu ƙarfin tashi. Da na gama kemo jikina ya fara dawowa, ta zo ta same ni a shago ina cikin farin ciki, ta kara min waya a baki tana naɗar muryata, ta ce in yi wa Allah godiya mata 'yan'uwana su ji. Ni da bakina ba ya gajiya, na zuba. Na ce ni ce telar Wunti da daji ya kwantar, na sha garin Hajiya, ga ni na tashi garau. Ban ambaci asibiti ba, ban ambaci wuƙar likita ba, don abin da nake ɓoyewa ke nan.

Ashe magana zarar bunu ce. Kafin in ankara muryata ta shiga guruf-guruf na mata a waya, na biki da na makarantar Islamiyya da na 'yan adashi. Har ƙanwar maigidana da ke rugarsu ta kira ta ce ta ji ni a waya. Sai baƙin fuskoki suka fara zuwa shagona. Mace za ta zo da ɗan guntun yadi wai a yi mata ɗankwali, amma idonta ba ya kan yadin, yana kan ƙirjina. Ta duba dama ta duba hagu, ta sauke ajiyar zuciya, ta tafi. Na gane abin da suke zuwa gani, kuma tun daga nan tsoro ya shige ni. Na je na sami Hajiyar na roƙe ta ta daina tura muryar. Ta yi murmushi ta tambaye ni ko akwai ƙarya a cikin abin da na faɗa. Sannan ta dubi kafaɗata ta hagu ta ce in ina ganin akwai abin da na rage, ai bakina ne, in fito in ƙarasa wa duniya, ga kuma bikin 'yata na matsowa. A nan na san ta sani. Na koma gida, na ce wa kaina a bar kaza cikin gashinta.

Akwai wata baiwar Allah da na daɗe ina yi wa ɗinki, Kirista ce daga kudancin jiharmu, tana sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal. Maman 'yan biyu muke kiranta. Ni nake ɗinka mata kayan zumuntar matan cocinsu, kuma mun saba ƙwarai, tana tsokanata da cewa kuɗin ɗinkina ya fi kuɗin yadi, ina tsokanarta da cewa mudunta ɗan ƙarami ne. Wata rana ta kawo ɗinki, na ga ta zube. Da na zagaya tef ta ƙirjinta sai ta yi firgigit ta riƙe hannuna, na kuma ji wani wari da na sani, wanda ban taɓa mantawa ba tun zamana a layin masu jiran likita. Na tambaye ta. Sai ta yi ƙasa da murya ta ce tun bara aka gano mata irin nawa, har likita ya ba ta ranar da za a cire. Ana cikin haka ta ji muryata a waya, ta gane ni, ta zo shago takanas ta dube ni da idonta, ta ga komai nawa na nan. Daga ranar ba ta sake komawa asibiti ba, garin Hajiya kawai take sha. Ta riƙe hannuna tana min godiya, ta ce ni ce Allah Ya turo mata.

Edita, na bar matar nan ta tafi gida. Na rubuta awonta, na ce ta gaida yara, na bar ta ta hau keke napep ta tafi. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai a duk labarin. Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. In na taka keken ɗinki sai in ji kamar numfashinta nake ji, in na ɗauki yadinta sai hannuna ya ƙi yankawa. Ina tsoron ta mutu, ina tsoron asirina ya tonu, ina tsoron ranar da za a tsayar da ni gaban Allah a tambaye ni. Na gaya wa mahaifiyata, ina zaton za ta ce in rufa wa kaina asiri. Sai tsohuwar ta dube ni ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma in har sai da ran wata za a ɗaura auren jikarta, to a fasa.

Washegari da hantsi na je gidanta a Yelwa. Na same ta a kwance, na ce yaran su ba mu wuri, na tura ƙofa. Na yi ta neman ta inda zan fara, ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba, na rasa. Sai kawai na cire mayafi, na ɗaga riga, na zaro abin da na ɗinka na ajiye mata a kan katifa. Ta dubi tabon da ya ratsa ƙirjina, ta dubi abin, ta sa yatsa ta taɓa shi, geron ciki ya motsa.

Ta ce, "Ashe an yanka ki."

Na ce, "An yanka ni, Maman 'yan biyu. Likita ne ya cire, ba gari ba."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Daga baya ta ce, "Ranar da na zo na dube ki a shago, kin san abin da na zo dubawa?"

Na ce na sani.

A ranar na ɗauke ta muka je asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ya kira mijinta gefe, ni kuwa da na taɓa zama a wannan kujerar na karanci fuskarsa tun kafin ya yi magana. Ciwon ya riga ya bazu, lokacin tiyata ya wuce, sai dai a rage mata zafi. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Wunti da Yelwa, ina dama mata kunu, ina wanke mata ciwo. Ana tsakiyar damina ta rasu, ta bar tagwayenta ba su gama firamare ba. Bikin 'yata kuwa an yi shi lafiya. Da na tara ƙarfin hali na gaya wa uwar angon gaskiya, sai ta ce Allah Ya ƙara lafiya, ta ci gaba da lissafin waɗanda za a kai wa goro. Abin da na sayar da ran mutum don in ɓoye ke nan.

Na yi sabuwar murya na faɗi komai, na tura duk inda hannuna ya kai, amma ba ta yi nisa ba. Mutane sun fi son tura labarin waraka ba wuƙa. Ta farkon kuwa har yanzu tana yawo, an ma ɗora ta a kan hoton wasu gwangwanayen da ban taɓa gani ba. Duk lokacin da baƙuwar fuska ta leƙo shagona gabana sai ya faɗi, don ban san mata nawa ne ke kwance a ɗaka suna jiran irin warakata ba. Abin da na koya shi ne, mutum na iya faɗin gaskiya zalla ya kashe wani da abin da ya rage bai faɗa ba. Ba na cewa kada mai ciwo ya sha abin da zai ƙara masa ƙarfi, amma a nuna wa likita tukuna, kuma kada a bar gwangwani ya hana ku zuwa ranar da aka ba ku. 'Yan'uwana mata, in an turo muku muryar wata telar Bauchi tana rantsuwa cewa gari ya tashe ta, don Allah kada ku tura gaba. Ni ce, ina raye, kuma nonona ɗaya ne.