Shekarar da ƙarfen sabis ɗinmu ya yi shiru

Ƙarafan sabis biyu ne a yankinmu a lokacin. Na babban kamfani yana can wajen Kura, sai an hau gada ake samun sabis ɗinsa. Na ƙaramin kamfani kuwa a bakin hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu aka kafa shi. Ina son zama a gindinsa da yamma, balbelu na wucewa ta samansa, janaretonsa na gurnani kamar tsohuwar kyanwa.

Da wannan ƙarfen Baba yake noman tumatir. Ba ya bari a tsinki ko kwando ɗaya sai ya kira ƙaninsa da ke kasuwar Legas ya ji yadda ta tashi. Tumatir in ya bar jikin uwarsa ba ya jiran kowa.

Sai muka ji a rediyo cewa kamfanonin biyu za su haɗe, amma hukuma ta ce ba ta yarda ba tukuna, don kada a bar mutane a hannun mai sayarwa ɗaya. Wani mai santsin murya daga kamfani ya ce ai don amfaninmu za a yi. Baba ya yi tsaki ya murɗe rediyon.

Ana cikin wannan ja-in-ja aka daina kawo wa janareton mai, sabis ya ɗauke. Na raka Baba wurin maigadin ƙarfen.

"Malam, lafiya abokin namu ya yi shiru?"

"Alhaji, mutanen kamfani sun ce in an haɗe cire shi za a yi. Wa zai shayar da abin da za a tumɓuke?"

"To an haɗe ɗin ne?"

"Ina fa! Ni ma tun wancan watan ban ga idon kowa ba."

Wannan ne abin da har yau yake ƙona mini rai. Ba a ba su izini ba, amma sun riga sun yanke mana hukunci, su da ba su taɓa jin warin ruɓaɓɓen tumatir ba.

Gona ta yi ja. Baba ya hau gada ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, layin babban kamfani a cushe, kowa ya koma kansa. Da ya ga 'ya'yan sun fara fashewa, ya sa aka tsinke. Dillali ɗaya ya tarar a bakin titi, shi ma ya san babu wanda za mu kira. Abin da ya ga dama ya faɗa, Baba ya sallama bai ɗago kai ba.

Daga baya hukuma ta hana haɗewar. Wata safiya na ji janareton ya tashi, wayar Baba ta yi ƙara. Ƙaninsa ne, yana faɗa: "Yaya, ina kuka shiga? Kasuwa ta nemi tumatir kamar me!"

Baba ya dubi gonar, babu komai sai busassun kara.