Tambayar da na ji nauyin yi wa Baba Sale

Ban taɓa mantawa da ranar da Baba Sale ya dawo mana karo na huɗu ba. Lokacin ina ma'aikaciyar jinya a wata ƙaramar likita, wato asibiti, ta karkara, kusa da Gazawa, wata biyar da fara karatun nesa a kan ciwon jiki da gaɓoɓi. Karatu ne na waɗanda suka riga suka kama aiki. Darasi yana zuwa ta salula in akwai rezo, wato sabis, kowane mako kuma sai ka kawo wa malami labarin majiyyaci ɗaya a tattauna.

Baba Sale manomi ne, sa'an mahaifina. Ciwon baya yake kuka da shi tun noman farko. A ƙa'idarmu ni ke duba mutum, majo kuma, wato shugaban likitar, shi ke sa hannu in za a tura shi gaba. Sau uku muna yi masa allura yana komawa gida.

A makon nan aka koya mana cewa ba kowane ciwon baya ne na gajiya ba. In akwai rama, ko ƙafa tana mutuwa, ko fitsari yana kuɓucewa, ba a jira. Na ga Baba ya rame, yana jan ƙafar hagu, ya kuma ƙi zama a kan benci. Na so in tambaye shi ko fitsari yana kuɓuce masa, na kasa. Ina ni ina yi wa dattijo irin wannan tambaya?

Na sami majo a buro, wato ofishinsa.

Ya ce, "Rabi, bayan manomi ne. Wane ne bayansa ba ya ciwo da damina? Karatun salular nan zai sa ki tura mana gari duka Maradi."

Na ce, "Majo, don Allah tambaya ɗaya za ka yi masa. Ni ba zai faɗa mini ba."

Ya dube ni, ya tashi. Suka rufe ƙofa shi da Baba Sale. Da ya fito, sai ya jawo takardar turawa.

Baba Sale ya tsaya a gabana, kansa a ƙasa. Ya ce, "Ɗiyata, kwana goma ke nan ban shiga sahu ba. Tufafina ba su da tsarki."

A Maradi hoto ya nuna tarin fuka ne ya ci masa ƙashin baya. Ya sha magani wata da watanni. Ƙafar ba ta koma daidai ba, da sanda yake tafiya, amma da ƙafarsa yake zuwa masallaci.

Ku da kuka fara aiki yanzu, mutanenmu suna faɗin inda ke ciwo, abin kunya kuwa sai an tambaya. In bakinka ya yi nauyi, nemo wanda zai iya. Kada dai mutum ya fita ba a tambaye shi ba.