Wuƙar da na ɓoye a ƙarƙashin sirdin keke

Ni ne mai laifi a labarin nan, gara in faɗa tun da fari kafin wani ya fara tausaya mini. Na cuci mutumin da ya fi kowa kyautata mini a zaman bariki, na kuma daɗe ina cin tuwo da shi a kwano ɗaya ban buɗe baki ba.

Shekarun baya ne, farko-farkon shekarun tamanin, lokacin ina aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Ni ɗan ƙauye ne daga gabashin Kano, firamare kawai na yi, ita ma da ƙyar. Aikina shi ne in jawo fatun awaki daga cikin ganga in shimfiɗa su a kan katako. Wanda bai taɓa shiga majema ba ba zai gane warin wurin ba. Ko ka ƙarar da sabulu a jikinka, mai ƙosai sai ta gane daga inda ka fito.

Ɗaki ɗaya muka kama a Panshekara ni da abokina, wani mutumin Damagaram da ya girme ni kaɗan. Kun san wasan da ke tsakanin Bakano da Badamagare. Bai taɓa kirana da sunana ba, kullum “bawana” ne, ni ma haka nake rama masa. Idan na dafa shinkafa ta caɓe sai ya ce, “Allah sarki, kakanmu ya yi asarar sayen kakanka.” Keke ɗaya muka haɗa muka saya. Shi yana aikin safe, ni ina na yamma. Da sassafe sai ya taka da ƙafa cikin ayarin ma'aikata, ni kuma in hau keken bayan azahar in kai masa bakin get, ya koma gida da shi. Mu ƴan aikin yamma idan mun tashi motar kamfani ta sauke mu. Ma'aikata da yawa haka suke yi, a bakin get za ka ga ana ta miƙa keke hannu da hannu.

To, a wannan lokacin ne na sayi wata wuƙa a hannun wani direban babbar mota mai kawo mana kaya daga Ikko. Ba irin ƴar wuƙar aljihun nan mai naɗewa da kowa ke yanka farce da ita ba ce. Ita ma naɗewa take, amma tana da wani ɗan maɓalli a ƙota, kana dannawa sai kaifin ya yi tsalle ya fito, ƙyas! Direban ya ce mini kayan jirgin ruwa ce, ba a samun ta a kasuwa, kada in riƙa nuna ta. Ni kuwa don nunawar na saye ta. A teburin mai shayi, a gindin mai rake, ko lemo aka miƙo mini sai na danna ta. Ban taɓa faɗa da kowa ba a rayuwata, ko kaza ban iya yankawa ba. Burga ce kawai.

Ranar da abokina ya fara ganin ta bai yi dariya ba. Ya juya ta a hannu ya ce, “Bawana, wannan ba ta feƙe rake ba ce. Ka bar ta a ɗaki. Kai in an kama ka da ita ɗan ƙasa ne, a yi maka faɗa a sake ka. Ni ko kusa da ita bai kamata a gan ni ba.”

Gaskiya ya faɗa. Ba a daɗe da yin wani mummunan rikici a cikin gari ba, ƴan sanda sun kafa shingaye a hanyoyi, kuma idonsu ya fi sauka a kan duk wanda harshensa ya nuna daga ƙetaren iyaka yake. Shi kuwa da ya ce “ina kwana” ka san Badamagare ne. Na yi masa alkawari zan riƙa barin ta ƙarƙashin katifa, na kuma cika alkawarin na ɗan lokaci.

Wata rana na fita da ita na sha rake, na manta tana aljihuna, sai da na hango get na tuna. Dokar kamfaninmu ita ce babu mai shiga ko fita da wani abu mai kaifi. Wuƙaƙen aiki na kamfani ne, a ciki ake barin su. Ranar kuma masu gadi sun tsananta, har hula suke sa a cire. Sai na sauka na yi kamar ina duba sarƙa, na buɗe ƴar jakar sifana da ke rataye a ƙarƙashin sirdi na cusa ta ciki.

Ga abokina ya fito yana share gumi. “Kawo dokin ubangidanka,” in ji shi, ya karɓi keken. Ba mantuwa na yi ba, wannan ina so ku sani. Maganar tana bakina. Amma na san zai yi mini faɗa a gaban mutane, sai na ce a raina ai nan da gida ne, me zai faru? Na shige ciki.

Bai kai gida ba. A kan hanyar Panshekara aka tare su, aka zazzage komai, har jakar sifanar.

Washegari da safe helmanmu, wato mai kula da sashenmu, ya zo ya same ni. Dattijo ne daga kudancin Kaduna, Kirista, kowa Baba yake ce masa. Ya ce in sa riga mu tafi caji ofis. Muka tarar da abokina a bayan kanta, zaune a ƙasa, an cire masa riga da takalmi. Sajan ya ɗauko wuƙar ya danna ta a gabanmu. Ƙarar nan da nake jin daɗinta, ranar ji na yi na tsane ta.

Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, wa ba ya yawo da wuƙa a garin nan? Mahauci yana da ita, mai rake yana da ita, ni kaina ina da tawa a gida ta gyaran farce. Yaron nan a ƙarƙashina yake aiki, ko zagi ban taɓa ji a bakinsa ba.”

Sajan ya ce, “Baba, ba mu hana kowa wuƙar sana'arsa ba. Wannan sana'ar me ake yi da ita? Da izinin wa ta shigo ƙasar nan? Shi kansa da izinin wa ya shigo? Kuma me ya sa ya ɓoye ta a ƙarƙashin sirdi? Gobe akwai motar da za ta kai irinsu bakin iyaka.” Sai ya juyo kaina. “Kai ne abokin ɗakinsa? Ka san wuƙar nan?”

Na ce, “Ban san ta ba, ranka ya daɗe.”

Haka na ce. Muryata ko rawa ba ta yi ba, wannan ya fi komai ba ni kunya. Abokina ya ɗago ya dube ni. Ashe tun jiya yake ce musu bai san yadda aka yi ta shiga jakar ba, bai ambaci sunana ba, yana jiran in zo in faɗa da bakina. Da ya ji amsata sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Tsintar ta na yi a bakin hanya. Ban san laifi ba ne.”

Baba ne ya tsaya masa. Ya je ya taho da mai unguwarmu da limamin masallacin da muke salla, su uku suka yi ta zirga-zirga har aka sake shi bayan ƴan kwanaki, aka riƙe wuƙar. Ba a sa shi a motar ba. Amma kamfani ya ce ba ya ajiye wanda aka kama da makami, aikinsa ya tafi.

A hanyarmu ta dawowa ranar farko Baba ya bari sai da muka kusa rabuwa. Sannan ya tsaya ya ce, “Ɗana, na sha ganin ka da ita a wurin mai shayi. Ni ba zan faɗa ba, don ba maganata ba ce. Amma ka sani ba za ka ji daɗin barci ba.” 

Abokina ya dawo ɗaki. Na zaci zai kwashe kayansa, ko ya shaƙe ni, da ma hakan ya yi da na samu sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ci gaba da dafa mana abinci, ya ci gaba da ce mini bawana, ni ne dai na kasa ramawa. Da ya rasa aiki sai ya fara sayen gutsattsarin fatar da kamfanoni ke fitarwa, ya ɗaure a bayan keke ya kai wa dukawa cikin gari. Na bar masa keken gaba ɗaya, na ce ni tafiyar ƙafa ta fi mini lafiya. A raina wai na biya ke nan. Rabin keke, a madadin aikin mutum da mutuncinsa!

Daga baya na yi aure, na samu aiki a wani kamfanin roba a Sharada, muka raba ɗaki. Shi kuwa Allah ya buɗa masa. Daga keke ya koma babur, daga babur ya kama rumfa, har dukawa suka riƙa zuwa wurinsa da kansu. Nan ma Shaiɗan ya samo mini wata dabara. Sai in ce a raina, ai da ba a kore shi ba da yanzu yana can yana jan fata cikin wari, ashe alheri na yi masa. Ku ji fa. Na tura mutum rami, Allah ya fitar da shi, ni kuma ina neman tukuici.

Har yau idan samari suka tambaye ni ko doka ta hana yawo da wuƙar aljihu, ce musu nake ni ban yi karatun shari'a ba, su tambayi masana. Abin da na gani da idona shi ne, ana duba irin wuƙar, ana duba inda aka same ta, ana kuma duba wanda aka same ta a hannunsa, kuma ba kowa ake dubawa da ido ɗaya ba. Ni na san haka tun a lokacin, shi ya sa laifina ya yi nauyi. Na san wa abin zai fi cutarwa, na miƙa masa keken. Yanzu dai alhamdu lillahi, muna raye mu biyu, mun tsufa, ƴaƴanmu suna zumunci, kuma shi ya ce in ba da labarin idan ina so. Amma ba ni na nemi gyaran ba. Shi ya zo.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, wata Juma'a bayan la'asar, ina zaune a ƙofar gida sai ga shi a kan babur. Ya sauka ya ce, “Bawana, tashi ka gaida ubangidanka, Makka zan tafi.” Na yi masa murna ƙwarai, na shimfiɗa tabarma, matata ta kawo ruwa. Kun san al'adar mai niyyar aikin Hajji, yakan bi ƴan uwa da abokan zama gida-gida yana neman gafara kafin ya tashi. Na ɗauka irin ta fatar bakin nan ce da ake yi a tsaye, a ce a yafi juna, a ce Allah ya yafe mana.

Sai na ga ya cire hula ya ajiye, ya gyara zama, wasa ya bar fuskarsa.

Ya ce, “Na zo ka yafe mini. Akwai abin da na riƙe ka da shi a zuciya shekara da shekaru. Ina yi maka dariya, amma ciki ba haka yake ba. Har akwai lokacin da na ji an rage ma'aikata a wurinku, na yi fatan kana ciki. Ba na so in je gaban Ɗakin Allah da wannan. Ka yafe mini.”

Shi ne yake roƙona. Shi da aka zaunar a ƙasa babu riga.

Ban san lokacin da na sauka daga kan tabarmar na durƙusa a kan turɓaya ba. Maƙwabta suna wucewa suna kallo, matata tana tsaye a bakin zaure da kofi a hannu, ban damu ba. Ya kama kafaɗata yana cewa in tashi, na ƙi. Na ce masa:

“Yaya, kada ka ƙara, bari ni in faɗa. Wuƙar nan tawa ce. Ni na sa ta a jakar da hannuna, ina sane na ba ka keken ban gaya maka ba. Ka gargaɗe ni ban ji ba. Aka tambaye ni a gabanka na ce ban san ta ba, don tsoro nake ji, na gwammace a kai ka iyaka da a taɓa ni. Ni na raba ka da aikinka, ni na sa ka yi ƙarya don ka rufa mini asiri, kuma na yi shiru duk shekarun nan. Ba ni da wata hujja. Don girman Allah ka yafe mini.”