Saude, Mai Sharar da Ta Yi Jinyar Ɗalhatu

Da an idar da sallar asuba Saude ke kamo hanya, ta bi gefen kanal ɗin ruwan noman rani, ta ratsa gonakin alkama, kafin rana ta ɗaga tana asibitinmu. Ta share ɗakunan majinyata, ta zubar da fo, ta hura wuta ta dafa allurai, don 'yan ƙalilan ɗin da muke da su muke ta maimaitawa. Shekara ashirin da biyu ke nan. Ba nas ba ce, mai shara ce.

Bara da rani aka kawo mana Ɗalhatu, direban da ke kai tumatirin Kadawa Legas. Ya rame sai ƙashi, zawo ya ƙi tsayawa. Likita ya ce yana zargin ƙanjamau ne, cutar da rediyo ke ta faɗa. Ba mu da abin gwaji, sai aka aika jininsa birni. Safar hannu kuwa, ɗan abin da ya rage na ɗakin haihuwa ne.

Muka kwantar da shi a ɗakin ajiya. A bakin ƙofa ake dire masa abinci. Ni da ke ba da magani, ta taga nake miƙa masa ƙwayoyi, kuma ban manta ba.

A rana ta uku Saude ta tare likita ta tambaye shi ko taɓa mutum na sa a ɗauka. Ya ce a'a, ta dai kiyayi jini. Ta ɗaura ledar burodi a hannuwanta, ta ɗauki bokiti.

Jaji, babban nas ɗinmu, ya ce, "Baba Saude, ki dawo, kina da jikoki fa!"

Ta ce, "Malam Jaji, ɗan mutane yana kwance cikin ƙazantarsa. Matsa in wuce."

Kubra, matar Ɗalhatu, ta ce ta ji mijin yana tambaya, "Baba, ba kya jin tsoro?" Saude ta ce, "Ina ji mana. Buɗe baki ka sha kunu."

Mako biyar tana yi masa wanka, tana juya shi. A tsakanin nan manya suka zo daga birni suka manna mana fastocin faɗakarwa kan cutar a bango, suka sha lemo suka tafi. Ko safar hannu ɗaya ba su kawo ba. Sai da aka binne Ɗalhatu da mako biyu sakamakon gwajin ya iso, ya tabbatar da zargin likita. A unguwarsu kuwa, har yau in Saude ta je gidan suna, kofi daban ake ba ta.

Ƙarshen watan nan take ajiye aiki. Takardar sallamarta layi uku ce. Ni kuwa ga abin da zan ce mata.

Baba Saude, ke ce kika yi abin da mu masu fararen riguna muka guda. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya ba mu kunyar da za ta sa mu bi sawunki. Likita ya ce za a ƙara kawo wasu masu irin cutar Ɗalhatu. Ran nan kina gida, mu ne a bakin aiki.