Lungun Ruwan Kaka

Abin da na fara gani ranar da kabu-kabu ya sauke ni a gidan Kaka, cikin Birnin Damagaram, shi ne wani dogon katako mai faɗin kai da aka tokare ƙyauren ɗakinta da shi. Mariƙinsa ya yi baƙi ya yi sumul, har ya ɗan loɓa a inda tafin hannu ke kamawa. Na tambaye ta ko muciyar gidan biki ce.

"Muciya? Ke dai ciki kika sani," in ji ta. "Filafili ne, 'yar tudu. Da shi ake tuƙa jirgi."

Daga Dakusa aka kawo ni wurinta da zan shiga sizyam, ajin farko na sakandare, don lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, ta fi kusa da gidanta. Ita ta haifi babana, Babarbariya ce. Ni ba ni da magana, ita kuwa tana da ta mutum biyu, sai zamanmu ya zo daidai.

Kullum bayan la'asar takan yayyafa ruwa a tsakar gida, ta share, ta zauna bakin tabarma ta zana garinsu da ɗan yatsa. Ba ta taɓa farawa da gidaje ba. Da ruwa take farawa: wani lungu da Tafkin Chadi ya kutso cikin tudu, can wajen Gigimi, siffarsa kamar tulu a kwance, baki ƙunci, ciki faɗi. A bakin tulun takan ajiye ƙwallon dabino biyu, tsibirai ke nan. Jirgi ɗaya ke wucewa tsakaninsu, in biyu suka haɗu mai kaya ake bari ya fara. Gefe guda akwai zurfi, nan dorina ke kwana. Ɗaya gefen mashaya ce, inda shanu masu kumburarren ƙaho ke faɗawa su yi iyo zuwa tsibiri, ba ka ganin komai sai hanci da ƙaho. A gindin tulun ake sauke kanwa da bandar kifi, raƙuma su ɗauka har Zangon Damagaram. Cikin masu raƙuman nan kakana ya zo, ya tafi da kanwa, ya komo ya tafi da Kaka. Filafilin na mahaifinta ne.

Doka ɗaya gare ta: ba a taka zanen da takalmi. Ko baƙuwa ce sai ta kewaya, ko ta tuɓe. In an kira magariba sai ta shafe shi da tafin hannu, wai kada kaji su nutse.

Wata rana Madam mai koya mana labarin ƙasa ta rataya taswira biyu, tsohuwa da sabuwa. Na jira kowa ya fita, na matsa kusa ina neman tulun Kaka. Ban gan shi ko a ɗaya ba. Da ƙyar na iya tambaya. Madam ta ɗora alƙalaminta a wani wuri mai launin rairayi, ta ce ruwa ya daɗe da janyewa daga nan, masara da wake ake shukawa a ƙasan tafkin.

Na komo gida ina ji da kaina, yau ni ma ina da labari. Na tarar ta gama zane, tana gyara ƙwallayen dabino.

"Kaka, Madam ta ce babu ruwa a nan yanzu. Gona ce."

Don in nuna mata wurin, sai na ratsa tsakiyar tulun. Na manta da takalmina. Ta daɗe tana duban sawun, har ina iya ƙirga layukan da roba ta bari a ƙasa.

"Ashe da takalmi ake shiga yanzu," in ji ta.

Ta shafe zanen tun rana ba ta faɗi ba. Kashegari ta yayyafa ruwa, ta share, ta zauna da tasbaharta kawai. Haka jibi, haka har damina ta wuce. Ba ta yi mini faɗa ba, tsokana ma ba ta daina ba. Daga baya gwaggona ta gaya mini Kaka ta san ruwan ya tafi tun ba a haife ni ba.

Na gwada zana shi a bayan littafin rubutuna, sai na rasa ko dorina dama take ko hagu. Babana a Damagaram aka haife shi, bai taɓa zuwa ba. Idon Kaka kuma ya fara yana, allura ma ni ke zura mata. In ta tafi da tulun nan, babu shi ko'ina.

Wata Alhamis na riga ta yayyafa ruwan. Na share, na tuɓe takalmina na ajiye inda za ta gani, na zana tulu karkatacce, na sa ƙwallon dabino biyu.

Ta leƙo. "Wannan tulu ne ko ƙwaryar da jaki ya taka?"

Na miƙa mata ɗan yatsana.

"Kaka, don Allah ki kama hannuna. Ki fara daga baki, ki nuna mini inda jirgi ke shiga."